Me ya sa layin rassanmu ke toshewa duk lokacin da na taɓa kundin ma'aikata?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ne ke kula da kwamfutoci a wani kamfanin dakon kaya a nan Legas. Hedikwatarmu na Ikeja, muna da reshe a Apapa da Mile 12, da wani a Kano. Sabar imel ɗinmu Exchange 2019 ce, tana Ikeja, asusun ma'aikata kuma sun kai 1,800. Kowane reshe yana da layin megabit 10 zuwa hedikwata da tasa sabar Active Directory. Ranar Juma'ar da ta wuce, da yamma, na gyara sashe da muƙami da lambar wayar kowa da PowerShell, manhajar rubuta umarni ta Windows, na ɗora hotunansu, na kuma sauya adireshin imel ɗin kowa zuwa sabon sunan kamfani. Litinin da safe layin Mile 12 da na Apapa suka toshe, manhajar rasit ta ƙi buɗewa, kira ta intanet na yankewa, haka aka yi ta fama har Talata. Yarana sun sake saita Outlook ga waɗanda suka ce tsohon adireshi suke gani, amma abin sai ƙaruwa ya yi. Oga ya ce a ƙara kuɗin layi kawai. Wannan ne maganin, ko akwai yadda zan rage nauyin?" Daga wani ɗan'uwa a Agege.

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, abu biyu kake son sani: wane ɓangare na aikin da ka yi ne ya cika layin, kuma yaya za ka riƙa yin irin wannan aiki nan gaba ba tare da an tsayar da masu rubuta rasit ba. Amsata a taƙaice ita ce kada a yi gaggawar sayen ƙarin layi. Gyaran da ka yi wa kundin shi kansa ba shi da wani nauyi. Abin da ke da nauyi shi ne yawan kwafinsa da ake yi, da kuma abin da mutane suka yi bayansa, kuma duk waɗannan ana iya lissafa su da biro da takarda kafin a danna komai.

Fara da wannan lissafin ka riƙe shi a kai. Layin megabit 10 ba ya ɗaukar fiye da megabayit 1.25 a daƙiƙa, wato kusan gigabayit 4.5 a awa guda, idan babu kowa a kansa kuma mai sayar muku da layin ya ba ku cikakken abin da kuka biya. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, da wannan ma'aunin za mu auna shi.

Inda gyara ɗaya yake bi

Exchange ba ta ajiye sunayen mutane da muƙamansu a wurinta. Suna cikin Active Directory, wato kundin ma'aikatan da muke magana a kai, ita kuma tana tambaya ne duk lokacin da take bukata. Idan ka canza lambar wayar mutum ɗaya, sabar da ta karɓi gyaran za ta aika wa sauran sabobin kundin, Apapa da Mile 12 da Kano. Daga nan Exchange ta sake haɗa littafin adireshin da Outlook ke saukewa ya ajiye a kwamfuta, wanda ake kira OAB, kuma tun daga Exchange 2013 tana wannan haɗawar duk bayan awa 8 idan ba a canza saitin ba. Sannan kowace kwamfuta ta zo ta ɗauki nata kwafin, kusan sau ɗaya a awa 24. Ka ga gyara ɗaya ya bi hanya uku, kuma ta ƙarshen ana ninka ta da yawan kwamfutocin da ke bayan layin.

Hanya ta farko ba ta cika ba da matsala ba. Active Directory ba ta aika bayanin mutum gaba ɗaya, filin da aka canza kawai take aikawa. Sashe da muƙami da lambar waya na mutum 1,800 rubutu ne zalla, 'yan megabayit kaɗan. Hotuna ne suka fi nauyi. Filin thumbnailPhoto yana karɓar hoto har kilobayit 100, amma shawarar da aka daɗe ana bayarwa ita ce kada ya wuce 10. Mu ɗauka naka kowanne 80 ne: 1,800 sau 80 ya ba da megabayit 144, kowace sabar reshe sai ta karɓi nata, kuma hoto ba ya matsuwa kamar rubutu. Amma ko hakan, minti biyu zuwa uku ne a layinku. Ya isa ya sa kira ya yanke, bai isa ya toshe layi kwana biyu ba. Nan gaba ka ɗora hotuna da umarnin Set-UserPhoto, wanda ke ajiye babban hoton a akwatin imel ɗin mutum, ya rubuta ƙaramin kwafi kawai a kundin.

Akwai abu ɗaya a nan da nake so ka duba yau. Buɗe Active Directory Sites and Services. Idan ka tarar da sabobin nan huɗu duk suna zaune a ƙarƙashin Default-First-Site-Name, to kundin yana ɗauka duk a ɗaki ɗaya suke. A wannan hali yana sanar da sauran sabobi bayan daƙiƙa 15 da yin gyara, kuma ba ya matse abin da yake aikawa. Idan ka raba su, kowane reshe da mazauninsa da jerin lambobin IP ɗinsa, sai ya koma matse bayanan yana aikawa bisa jadawali, wanda asalinsa duk minti 180 ne, kana kuma iya rage shi har zuwa 15. Amfani na biyu ya ma fi wannan: kwamfutar Mile 12 za ta riƙa tambayar sabar da ke kusa da ita maimakon ta tsallaka Kano neman tabbatar da kalmar sirri. Na sha tarar da an sayi saba an ajiye a reshe, ana ƙona mata man janareta, amma rabin kwamfutocin reshen ba su san da ita ba saboda ba a rubuta lambobinsu a wannan wurin ba. Fayil ɗin netlogon.log na sabar zai nuna maka su, da alamar NO_CLIENT_SITE a gabansu.

Littafin adireshi da ƙa'idar kashi ɗaya cikin takwas

A ranakun yau da kullum Outlook ba ya sauke littafin gaba ɗaya, bambancin jiya da yau kawai yake ɗauka. Amma idan bambancin da ya taru ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na girman littafin, sai ya bar bambancin ya sauke cikakke. Haka ma kwamfutar da ta yi fiye da kwana 30 ba ta leƙo ba, domin iya kwanakin da sabar ke ajiye fayilolin bambancin ke nan. Kai kuwa ka taɓa kowa da kowa a yamma ɗaya, saboda haka babu kwamfutar da ta tsira daga cikakken saukewa.

Girman littafin naka ba sai an yi hasashe ba. Shiga jakar ClientAccess\OAB a inda aka girka Exchange, ka ga nauyin fayilolin da idonka, ka ninka da yawan kwamfutocin reshe. Ga kamfani mai girman naku zan yi mamaki idan ya wuce 'yan megabayit, sai dai in wani ya taɓa canza saitin ya sa hotunan su shiga cikin littafin kai tsaye. Ko mu ce 10 ne, kwamfuta 60 a Mile 12, megabayit 600 ke nan, kimanin minti takwas. Matsalar ita ce waɗanne mintuna takwas. Littattafan koyarwa suna cewa a yi babban aiki da dare ko ƙarshen mako, kuma ka bi wannan. Sai dai an rubuta shawarar ne a inda kwamfutoci ke kwana a kunne. A reshen Mile 12 ana kashe janareta idan an tashi aiki, wataƙila har sabar reshen ta kwana a kashe tun Juma'a. Litinin ƙarfe takwas aka tada injin, sabar ta fara jan hotunan da suka taru mata, kwamfutoci 60 suka buɗe Outlook a cikin kwata ɗaya, kowacce tana neman littafinta, Windows na neman sabuntawa, direbobi kuma na tsaye suna jiran rasit. Wanda ya san hanyar Apapa ya san wannan: tirelolin da za su wuce lafiya idan an kira su bi da bi, su ne ke rufe titi idan an sake su lokaci ɗaya.

Maganin wannan iri biyu ne. Na farko, ka raba aikin. Kashi ɗaya cikin takwas na 1,800 shi ne 225. Ƙa'idar da girman fayil take aiki ba da ƙidayar mutane ba, don haka ka bar wa kanka sarari, ka riƙa gyara mutum 100 zuwa 150 a rana, a ranakun aiki da rana tsaka lokacin da kwamfutoci ke kunne suna ɗaukar bambancin kullum. Cikin ranakun aiki 12 zuwa 18 ka gama, ba wanda zai ji. Wanda ya tafi hutu ya dawo zai sauke cikakke, amma shi kaɗai ne. Na biyu, ka sa wa saukewar linzami. Outlook yana ɗauko littafin ta hanyar wata hidimar Windows mai suna BITS, wadda aka yi ta don ta yi amfani da ragowar layi kawai. Sai dai sau da yawa abin da take aunawa shi ne wayar da ke tsakanin kwamfuta da suwic ɗin ofis, ta ga fili fetal, ba ta san akwai ƙaramin layin rediyo a gaba ba. A Group Policy, inda ake ɗora wa kwamfutocin kamfani saiti daga wuri ɗaya, akwai saitin iyakance gudun BITS a lokutan aiki. Ka ɗora shi a kan rassa kawai, ka bar hedikwata.

Wanda nake zargi

Duk abin da muka lissafa zuwa yanzu bai kai awa ɗaya ba, kai kuma ka ce har Talata. A cikin tambayarka akwai jimla ɗaya da na fi tsayawa a kai: yaranka sun sake saita Outlook, abin kuma ya ƙaru. Ina ganin a nan gizo yake saƙa.

Idan aka canza babban adireshin mutum, Outlook yana ci gaba da aiki da akwatinsa, wasiƙun da ya aika suna fita da sabon adireshin, amma sunan da ke saman jerin jakunkuna a gefen hagu yakan ci gaba da nuna tsohon. Ma'aikaci ya ga haka ya kira, yaro ya zo, hanya mafi sauƙi a wurinsa ita ce ya goge furofayil, wato saitin akwatin mutumin a Outlook, ya buɗe sabo. Sabon furofayil kuwa yana nufin sabon fayil ɗin OST, inda ake ajiye kwafin wasiƙu a kwamfuta, wato Outlook zai sake sauke wasiƙun mutumin daga Ikeja, kuma a yawancin kwamfutoci saitin asali na wata 12 ne. A kamfanin dakon kaya, inda ake aika hotunan takardun kaya da na kwastan ta imel kullum, gigabayit 2 na shekara guda ba abin mamaki ba ne. Mutum 20 kacal aka yi wa haka a reshe, gigabayit 40 ke nan, kusan awa tara layin yana cike maƙil. Kuma abin yana ciyar da kansa: layi ya yi nauyi, Outlook ɗin wasu ya fara cewa ba ya haɗe, su ma a sake musu furofayil, nauyin ya ƙaru.

Na taɓa tsayawa a wani ofishin reshe a irin wannan rana. Jadawalin zirga-zirgar rauta, na'urar da ke haɗa ofishin da layi, ya miƙe a sama kamar an ja layi da rula, ba ya hawa ba ya sauka, kuma kusan duk zirga-zirgar daga lambar IP ɗaya take zuwa, ta sabar imel, a tashar 443. Muka bi teburi teburi, a ƙasan kowane Outlook akwai ɗan rubutun nan da ke cewa yana sabunta akwati, saura gigabayit kaza. Muka bar uku suna saukewa, sauran muka rufe su muka ce su duba wasiƙunsu ta burauza zuwa yamma. Kafin mu koma wurin rauta manhajar kuɗi ta buɗe.

Akwai ɗan'uwan wannan matsala da mutane ba sa lura da shi, domin a ido aikin kundin ne tsantsa. Idan ka ba mutum cikakken izini a kan akwatin haɗaka, irin na sashen lodi ko na karɓar oda, Exchange tana rubuta hakan a kundin, akwatin ya bayyana a Outlook ɗinsa da kansa, kuma Outlook ya fara sauke shi cikin OST ɗin mutumin. Akwati mai nauyi, mutum 30 a reshe ɗaya, umarni ɗaya na daƙiƙa biyu. Idan ka sauya wa mutane sassa ranar Juma'a har ka gyara musu izini, duba wannan ma. Kana iya ƙara -AutoMapping $false a umarnin Add-MailboxPermission, ko ka kashe sauke jakunkunan haɗaka ta Group Policy.

Saboda haka kafin babban gyara na gaba, ka tara yaranka ka gaya musu dalili, ba umarni kawai ba: babu goge furofayil sai da izininka, tsohon suna a gefen allo ba lalacewa ba ce. Ka aika wa ma'aikata sanarwa tun kafin ranar. Ka rage wata 12 ɗin zuwa 3 ga kwamfutocin rassa, tsofaffin wasiƙu suna nan a saba, ana samunsu idan an nema. Wannan saiti ɗaya yakan rage nauyin sabon furofayil sosai, kuma yana taimaka maka duk ranar da aka sayo sabuwar kwamfuta.

Ina magana ne daga nesa, ban ga rautarku ba, don haka ka tabbatar kafin ka kai wa Oga. Idan rautar tana ajiye tarihi, duba wace lamba ce ta fi aika kaya ranar Litinin. Idan sabar imel ce kuma na tsawon awanni, OST ne. Duba ranar da aka ƙirƙiri fayilolin OST a kwamfutocin reshen, ka ƙirga waɗanda suka nuna Litinin ko Talata, ka tara nauyinsu. Idan kuwa tsakanin sabobin kundin ne, repadmin /replsummary da repadmin /queue za su nuna maka ko akwai abin da ya maƙale.

Ƙananan abubuwan da ke taruwa

Rubutattun umarninka ma suna da nasu kason. Get-Mailbox -ResultSize Unlimited sannan a tace da Where-Object yana jawo bayanin kowa ta layi kafin ya zubar da mafi yawa. Da -Filter sabar ce ke tacewa ta aiko abin da ake so kawai. Idan kana Apapa kana aiki, shiga wata kwamfuta a Ikeja daga nesa ka gudanar da umarnin a can, hoton allo kawai zai bi layi. Umarnin da ke daidaita rukunonin aika saƙo kada ya kwashe kowa ya sake zubawa duk dare, ya kwatanta ya ƙara wanda ya shigo ya cire wanda ya fita. Injinan firinta masu aika sikan ta imel da manhajar halartar aiki su ma suna tambayar kundin ta LDAP, a nuna musu sabar reshensu, a kuma taƙaita musu inda za su fara nema.

Sai rautar kanta. Ko ka yi duk abin da na faɗa, wata rana wani abu zai cika layin. A rautar Ikeja, a ɓangaren da ke fita zuwa rassa, ka ware wa kira da manhajar rasit kaso na farko, ka hana sabar imel cin fiye da rabin layin kowane reshe a lokacin aiki. A gefen da kaya ke fitowa ake sa wannan, domin idan sun riga sun cika layi sun iso Mile 12, babu abin da rautar can za ta iya yi. A ganina wannan ne aikin da ya fi kowane biyan wahalarsa, kuma ba ya cin ko sisi. Imel ɗin da ya makara minti biyar ba wanda zai sani, amma direban da ya kasa samun takardar fita kowa zai ji muryarsa.

Batun ƙara layi

Ban ce Oga ya yi kuskure gaba ɗaya ba. Idan ka duba jadawalin mako biyu na ranakun da ba ka taɓa komai ba, ka ga layin yana kaiwa kashi 70 ko 80 cikin ɗari yawancin yini, to ya yi muku kaɗan, a ƙara. Amma ninka shi zuwa 20 zai mayar da awa tara ta koma huɗu da rabi ne kawai, har yanzu an rasa safiya guda, ga kuɗin wata-wata da zai zauna dindindin. Idan akwai kuɗin da za a kashe, ni zan fara da inbata da batir da za su riƙe sabar reshe da rauta da rediyon layin har safe. Da wannan sai dare ya zama lokacin aiki na gaske a wurinku, kundin ya gama musayarsa kafin mutane su iso.

Ka kuma sa a ranka cewa babban aikin yana gaba. Microsoft ta daina tallafa wa Exchange 2016 da 2019 ranar 14 ga Oktoba 2025, wanda ya gaje su a cikin gida shi ne Exchange Server SE. Daga 2019 ana iya ɗaga sabar a inda take ba tare da kwashe akwatuna ba, wannan kuwa sauƙi ne babba ga layinku. Idan kuma kamfani ya zaɓi komawa Microsoft 365, inda akwatunan ke zama a sabobin Microsoft, lissafin ya canza. Kundin naku zai riƙa aika canje-canje waje ta manhajar Entra Connect duk minti 30, wannan ƙarami ne, amma wasiƙun kowa za su fita ta layin intanet na Ikeja, daga baya kuma kowane reshe ya riƙa ɗauko nasa daga wajen ƙasa ta wayoyin ƙarƙashin teku. Mu da ke Legas mun ga abin da ya faru ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka samu matsala a rana ɗaya. Don haka idan an zaɓi wannan hanya, kowane reshe ya fita intanet kai tsaye maimakon ya ratsa ta Ikeja, kuma a samu layi na biyu daga wani kamfanin daban, a tambaye su a rubuce ta wace waya suke fita.

Kwashe akwatunan kuma a yi shi rukuni-rukuni, a bar kwafin ya yi ta tafiya a hankali har ya kusa kammala, sannan a sa lokacin rufewa da -CompleteAfter a daren da ka zaɓa. Ka fara da mutum goma a reshe ɗaya, ka zauna gaban jadawalin rautar washegari da safe ka ga abin da suka ci, sannan ka yanke yawan rukuni na gaba.